Ƙofar gida ce ta zaɓa mana makaranta

Kwana huɗu da saukarmu Amurka, gajiyar jirgi ba ta gama sakina ba, na tambayi Yaya, wan maigidana, wace makaranta ce mai kyau a nan kusa, kuma wa ya sani a cikinta. Shekara tara na yi ina koyar da lissafi a wata sakandaren gwamnati a Zariya, don haka a ganina ba wanda zai koya mini wannan harka. A nemo makaranta, a nemo wanda ya san firinsifal, a je da yara da katin sakamakonsu, a gaisa, a roƙi alfarma, sauran kuma sai yadda Allah Ya yi.

Yaya ya yi dariya har da buga gwiwa. Ya ce, "Malama, ai an riga an zaɓa muku tun ranar da kuka ajiye akwatunanku a gidan nan."

Ya ɗauko wayarsa ya buɗe shafin hukumar makarantun gunduma, ya rubuta lambar gidansa da sunan layin. Sunaye uku suka fito: firamare ɗaya, makarantar tsakiya ɗaya, babbar sakandare ɗaya. Ya ce duk yaron da yake kwana a ƙarƙashin rufin nan, waɗannan ne makarantunsa, ko ɗan minista ne ko ɗan mai wanke kwanoni. Ba za su ce masa babu gurbi ba, shi ma ba zai tsallake su ya tafi wata don kawai ta fi burge shi ba.

Wannan a watan Yulin 2022 ne, a Silver Spring, cikin gundumar Montgomery ta jihar Maryland, wadda take jingine da birnin Washington ta arewa. Unguwannin bayan birni ne irin na ma'aikata, da safe a kwarara cikin Washington, da yamma a dawo. Muna zaune a ɗakunan ƙasa na gidan Yaya, ni da maigida da yara uku: babbar tana da shekara 14, ta gama aji uku na ƙaramar sakandare, mai bi mata yana da 11, ya gama aji biyar na firamare, auta kuma saura wata huɗu ya cika biyar.

Abin da ya fara rikita ni shi ne wa ke da makarantun. A gida na san SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma su ne da firamare, ma'aikatar ilimi ta jiha kuma ita ce da sakandare, ga kuma na tarayya can gefe. A nan hukuma ɗaya ce take riƙe da yaro daga ajin share fage har ya gama aji 12, kuma ba ta gwamnatin tarayya ba ce, ba kuma reshen gwamnatin jiha ba. Ta yankin ce. Amurka tana da irin waɗannan hukumomi sama da 13,000, wasu ba su wuce makaranta biyu ko uku ba. Maryland ta bi iyakar gundumominta, shi ya sa nata 24 ne kacal, gundumomi 23 da birnin Baltimore. Tamu ita ce mafi girma a jihar: ɗalibai wajen 160,000, makarantu sama da 200. Da Yaya ya faɗi adadin sai na yi shiru ina auna shi da garuruwan da na sani.

Na ɗauka gobe za mu wanke ƙafa mu tafi makarantar da sunanta ya fito. Ashe akwai zango kafin nan. Yaron da ya kai shekara bakwai kuma bai yi karatu a Amurka ba cikin shekara biyun da suka wuce, sai ya bi ta ofishin karɓar ɗaliban da suka zo daga ƙasashen waje, wanda yake Rockville, hedikwatar gundumar. Aka cike takardu ta intanet, aka ba mu rana, aka turo mana jerin abin da za mu zo da shi. Na duba jerin na ce wannan ai ba komai, ni da na taho da fayil cike da takardu tun daga katin awo. Takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya tana nan, fasfo yana nan, sakamakon kowane zango na shekara uku yana nan da tambarin makaranta.

Inda gizo ke saƙar shi ne shaidar wurin kwana. Ba mu da gida, ba mu da takardar haya, ba takardar wuta ko ta ruwa da sunanmu. A idon hukuma, har lokacin ba mu zauna ko'ina ba. Akwai takarda ta musamman ta masu zama a gidan wani: mai gida ya sa hannu cewa lallai a gidansa muke, mu ma mu sa, kuma a gaban mai hatimin shaida za a yi, wato mutumin da jiha ta ba izinin tabbatar da cewa kai ne ka sa hannun. A bankin Yaya muka same shi. Yaya ya haɗa da tasa shaidar mallakar gidan, mu kuma aka ce mu kawo wasu takardu da suka zo mana da sunanmu a wannan adireshi. Maigida yana da takardar albashi, ni ba ni da ko ɗaya. Sai da na buɗe asusun banki muka zauna jiran wasiƙarsu ta farko. Tunda nake ban taɓa ɗokin ganin ɗan aike irin na makon nan ba. Da na ji motar gidan waya sai in haura da gudu.

A cikin jiran nan ne wata baiwar Allah da muka haɗu a wani taron suna ta ja ni gefe. Ta ce in ina son yarana su yi karatu na gaske, in nemi wani a Bethesda ko Potomac ya ara mini adireshinsa, can ne makarantun masu hannu da shuni suke. Ban ɓoye ba, maganar ta ɗan zauna mini. A gida wannan ai ba laifi ba ne, dabara ce. Da na gaya wa Anti, matar Yaya, sai ta ajiye ludayin da ke hannunta ta ce, "Kul! Kada ki fara. Suna bincike, kuma in suka gano, a tsakiyar shekara za a cire miki yaro. Wanda ya ara miki ma kin jawo masa. Sannan me za ki ce wa yarinyar, ta riƙa faɗin ƙarya duk lokacin da aka tambaye ta ina gidansu?" Wannan ta ƙarshen ce ta kashe maganar.

Ranar da aka ba mu, Yaya ya ɗauki hutun rabin yini ya kai mu. Da muka shiga Rockville ya nuna mini wani gini mai ɗauke da sunan George Washington Carver, inda ofisoshin hukumar suke. Ya ce a da nan ce sakandaren baƙar fata ta gundumar, lokacin da doka ta raba makarantun farare da na baƙaƙe, kafin kotun ƙoli ta haramta hakan a 1954. Na juya na kalli yarana a kujerar baya. Su hankalinsu yana kan wata motar kashe gobara.

A ofishin na ɗora fasfo da biza a saman fayil, don a tunanina da su za a fara. Matar ta duba suna da ranar haihuwa ta miƙo mini abina. Daga baya na ji dalili: tun 1982 kotun ƙoli ta yanke cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda matsayin takardun zamansa. Abin da ya dame ta shi ne inda muke kwana, da shekarun yaran, da allurarsu.

Allurar nan ta ci mana lokaci. Katin rigakafinmu na gida yana da na shan inna, da na tarin fuka, da na ƙyanda, da na shawara. Nan kuma suna neman na ƙarambau da na hangum, waɗanda ba sa cikin jerin da ake yi wa jarirai a asibitocinmu. An yi musu kashin farko wajen gwajin lafiya na biza, saura na biyu. Na sanƙarau kuwa har musu na yi, na ce wace irin magana ce, mu da muka fito daga ƙasar sanƙarau, an yi wa yarinyar nan tun tana ƙarama. Ma'aikaciyar jinya ta yi mini bayani a hankali cewa wadda aka yi a kamfen ɗin can nau'i ɗaya take karewa, ta nan kuma huɗu. Duk wannan likita ne zai juye shi a kan takardar jiha ya sa hannu, ba a karɓar katinmu haka nan. Sauƙin da aka samu, in ka nuna shaidar cewa an ba ka ranar ganin likita, ana barin yaro ya fara zuwa har kwana 20. Mu dai mun gama kafin a buɗe.

Sai tambayar da ta taɓa mini girman kai. A takardar akwai inda aka ce wane harshe ake yi a gida. Na rubuta Hausa, me zan rubuta? Nan take aka ce za a gwada Turancin yaran. Na ce wa matar yaran nan da Turanci suka yi karatu tun daga nazare, ni uwarsu da Turanci nake koyarwa. Ta ce ta yarda, amma ƙa'ida ce ga duk wanda ya rubuta wani harshe, kuma in sakamako ya nuna yana bukatar taimako, ina da ikon in ƙi. Aka shiga da su. Gwajin ya haɗa da sauraro, da magana, da karatu, da rubutu, aka ƙara musu da na lissafi. Babbar ta wuce. Namijin kuwa aka ce yana bukatar darasin ƙarin Turanci. Raina ya ɓaci, na yi niyyar ƙi. A mota na tambaye shi me ya faru, ya ce, "Mama, wallahi na iya karantawa, amma in suka yi magana kamar suna tauna ruwa, ba na ji." Na tuna ni kaina sau uku na ce wa matar ta maimaita. Na sa hannu.

Rabon aji ma sai da muka ja. Makarantunsu hawa uku ne: firamare daga share fage zuwa aji 5, ta tsakiya aji 6 zuwa 8, babbar sakandare aji 9 zuwa 12. Namijin aka sa shi aji 6, wato ya shiga abin da mu za mu kira sakandare ba tare da ya rubuta jarrabawar shiga ba. Wannan bai dame ni ba, shi kuwa har wani ɗaga kafaɗa yake yi. Ta babbar ce ta tsaya mini. Na ƙirga da yatsu: firamare shida, ƙaramar sakandare uku, tara ke nan, aji 10 ya kamata ta shiga. Aka ce aji 9, daidai da shekarunta. Mai ba ɗalibai shawara ta makarantar ce ta warware mini daga baya. A nan babu wata babbar jarrabawa guda irin WAEC da ake tara komai a kanta. Kowane darasi da yaro ya ci daga aji 9 ana rubuta masa, su ake tarawa har su cika adadin da ake ba da shaidar kammalawa, ciki har da Turanci na shekara huɗu da lissafi na shekara huɗu, da tarihin Amurka da tsarin mulkinta waɗanda yarinyar ba ta taɓa gani ba. Jami'o'i kuma wannan tarin suke dubawa. In ta faro daga 10, da gudu za ta yi ta cike giɓi. Na ga gaskiyarta. Ta kuma gaya mini wani abu da ya ba ni mamaki: a Maryland ba a kammala sakandare sai ɗalibi ya yi awa 75 na aikin taimakon al'umma, amma ana rage wa wanda ya shigo a makare. Yarinyar ta yi wani kaso na nata wajen raba kayan abinci ga mabukata.

Na auta shi ne wanda ba a yi ko ciniki ba. Doka ta ce sai yaro ya cika biyar zuwa ranar 1 ga Satumba. Akwai ɗan sassauci ga wanda zai cika cikin makonni kaɗan bayan nan, a gwada shi a gani, amma nawa ɗan Nuwamba ne, ya wuce. Yaron da ya yi shekara biyu a nazare, yana rubuta sunansa, yana ƙirga har ɗari. Na faɗi duk wannan, aka saurare ni da murmushi, aka ce sai baɗi. A gida mu gaggawa muke yi, yaro ya tsallake aji shida, ya gama sakandare da shekara 15 a yi ta alfahari. Shekarar nan a gida ya yi ta tare da ni, muna zuwa laburaren unguwa inda ake karanta wa yara labari kyauta. Yanzu da na waiwaya, ni ce na fi shi cin moriyarta, don a nan kunnena ya buɗe.

Wani abu game da sakandaren yankinmu wanda ya ɗan sassauta maganar Yaya ta farko. A lokacin, a wannan ɓangaren na gundumar an haɗa manyan sakandare biyar a rukuni ɗaya: Montgomery Blair, Albert Einstein, John F. Kennedy, Northwood da Wheaton. Kowace da fannin da ta fi ƙarfi a kai, kuma 'yan aji 8 suna jera su bisa yadda suke so, a yi rabo. Akwai kuma shirye-shirye na musamman da ake nema a tace, kamar na kimiyya da lissafi da ke Blair. Mu mun zo bayan an sha kasuwar, don haka babbar ta tafi wadda adireshi ya ba ta. Na rubuta a bayan littafina cewa in namijin ya kai aji 8 ba za a yi babu ni ba.

Aka buɗe makaranta ranar wata Litinin a ƙarshen Agusta. Ban biya ko sisi ba: ba kuɗin rajista, ba na jarrabawa, ba na kujera. Littattafai aro ake ba su, kowane yaro kuma da kwamfutar da makaranta ta ba shi. Babu yunifom, abin da na ɗauka sauƙi ne sai da na ga yadda zaɓen kayan sawa yake cin rabin safiya. Babbar da hijabinta ta tafi, ba wanda ya ce mata kanzil. Abinci akwai a makaranta, ana cike takarda a ga ko kuɗin shigar gida ya kai a ba yaro kyauta ko da rangwame. Mu dai saboda shakkar nama, da kular abinci suke tafiya mafi yawan ranaku.

Lokacin tashi kuwa kamar an shirya shi ne don a hana uwa barci. Babbar sakandare 7:45 take farawa, ta tsakiya 8:15, firamare 9:00 ko 9:25. Na yi ta mamakin dalili har Anti ta ce ai motocin ɗaya ne: bas ɗin nan mai ruwan ɗorawa ya sauke manya, ya koma ya kwaso na tsakiya, ya sake komawa ya kwaso ƙanana. Kuma ba kowa ake ɗauka ba. Ɗan firamare sai in gidansu ya wuce mil ɗaya daga makaranta, na tsakiya mil ɗaya da rabi, na babbar sakandare mil biyu, sai dai in hanyar tana da haɗari. In bas ya tsaya ya fito da jar alamarsa, motocin da ke bayansa da masu tahowa sai su tsaya cak har yara su gama hawa. Ranar farko na tsaya a bakin layi ina kallon wannan kamar baƙauya, kuma ban ji kunya ba.

Makonnin farko wasiƙu suka yi mana rubdugu, ta waya da ta imel da ta jakar yara. Akwai wata manhaja, ParentVUE, da nake ganin makin kowane aiki da kowane darasin da yaro ya makara, abin da yarana har gobe ba su yafe wa wanda ya ƙirƙiro shi ba. Ana fassara manyan sanarwa zuwa harsuna da dama, har da Faransanci da Amhariyanci, don Habashawa suna da yawa a Silver Spring. Wata 'yar Maraɗi da muke haɗuwa a masallaci da Faransanci take karanta nata. Hausa ba ta cikin jerin, amma ana iya neman tafinta ta waya in za a yi zama da malamai.

Daren da aka gayyaci iyaye su zo su ga malamai, na bi jadawalin yarinyata aji-aji, ƙararrawa tana kaɗawa muna sauya ɗaki, don a nan malami ne yake da ɗaki, ɗalibai ke yawo. Na zauna a ajin lissafi ina ƙirga kujeru ban kai talatin ba. Na tuna ajina na Zariya da nake kiran suna har murya ta dushe. A nan tambayar ta taso mini da gaske: wa yake biyan wannan duka?

Amsar tana cikin takardar harajin gida da Yaya ya nuna mini yana tsaki. Kasafin makarantun a shekarar ya kusa dala biliyan 3. Kaso mafi tsoka, wajen biyu cikin uku, daga gundumar yake fitowa, daga harajin gidaje da na kuɗin shiga. Jiha ta kawo mafi yawan saura. Na gwamnatin tarayya ɗan kaɗan ne. Mai haya ma yana biya, a cikin kuɗin hayarsa yake ɓoye. Wato kyautar da nake murna da ita ba kyauta ba ce, adashi ne na duk unguwa, har da tsofaffin da yaransu suka gama tuntuni. Masu riƙe da ragamar kuma kwamiti ne na mutum takwas. Bakwai jama'ar gunduma suke zaɓa, na shekara huɗu, ba a ƙarƙashin tutar jam'iyya ba. Su suke ɗaukar babban shugaban makarantu aiki, su suke zana iyakar da ta ce wannan layi na wannan makaranta ne, su suke tsara kalandar shekara mai aƙalla kwana 180 na karatu. Amma ba su da ikon sa haraji. Sai sun kai bukatarsu gaban majalisar gunduma, ita take da wuƙa da nama a watan Mayu. Na takwas ɗin ɗalibi ne.

Na kalli zamansu sau biyu ta intanet. Iyaye suna tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa da 'yan mintocinsa, wannan yana ƙorafin cunkoso, wannan na rufin da ke yoyo, mambobin suna zaune suna sauraro. Ba zan ce duk abin da aka faɗa ana yi ba. Amma Yaya ya ba ni misalin da ya shafe mu. Shekara da shekaru iyaye Musulmi suna zuwa wannan zaman suna neman a rufe makaranta ranar Sallah kamar yadda ake rufewa a wasu bukukuwan Kirista da na Yahudawa. A 2014 kwamitin ya cire sunayen bukukuwan addini gaba ɗaya daga kalanda, abin da ba shi aka nema ba. Ba su gaji ba, suka ci gaba da zuwa, har a 2016 aka daidaita ranar da ɗalibai ba sa zuwa makaranta da ranar Babbar Sallah. Yaya yana faɗin wannan da alfaharin wanda ya sha zama a kujerun baya.

Sanyi ya shigo, muka koyi duba waya da asuba ko an jinkirta buɗewa da awa biyu saboda ƙanƙara. Na fara jin mun zama 'yan gari. A nan ne muka tafka namu kuskuren.

A watan Fabrairu maigida ya samo mana gidan haya, ɗaki biyu da falo, kuɗin da dama-dama, tafiyar minti kaɗan a mota daga gidan Yaya. Murna ta sa muka sa hannu a kan hayar shekara guda a ranar. Sai da dare, ina kwance, maganar Yaya ta ranar farko ta faɗo mini. Na lalubo waya na rubuta sabon adireshin. Sakandaren babbar ba ta sauya ba. Ta namijin ta sauya. Babban titin da muka tsallaka shi ne iyakar. Yaron da sai yanzu ya fara yin abokai, ya san lambar buɗe lokarsa, malamar Turancinsa ta gano inda yake tuntuɓe.

Na tashi maigida. Ya ce, "To yanzu ya za a yi? Mu yi shiru mana, wa zai sani?" Na ce ni ba zan iya ba, ga Anti ma ta riga ta yi mini huɗuba a kan haka. Da safe na je ofishin makarantar da sabuwar takardar haya na faɗi gaskiya. Sakatariyar ba ta ko ɗaga gira ba, da alama kullum tana ganin irinmu. Ta ba ni takardar neman sauyin makaranta, ta ce wanda ya yi ƙaura a cikin gunduma yana iya roƙon a bar yaro ya ƙarasa shekarar a inda yake, amma in sani ba za a turo masa bas ba, kai shi da ɗauko shi a wuyanmu yake. Shugaban makaranta ba shi yake yanke hukuncin ba, wani ofishi ne can. Na cike, na jira, amsa ta zo an yarda zuwa watan Yuni.

Ni ba ni da lasin tuƙi a lokacin, maigida kuma da duku-duku yake fita. Bas ɗin gunduma, Ride On, shi ya cece mu, don yara kyauta suke hawa. Makon farko tare muke tafiya, ni da shi da auta a naɗe cikin rigar sanyi kamar ƙunshin goro. A mako na biyu ya ce, "Mama, don Allah ki daina raka ni, ana kallona." Na koma leƙe ta taga. A cikin wannan sanyin ne kuma ya sake rubuta gwajin Turanci na shekara-shekara, makinsa ya hau sosai.

Da bazara ta shigo aka kira iyayen masu shiga ajin share fage. Wannan karon kai tsaye na tafi firamaren sabuwar unguwarmu, ba sai na bi ta Rockville ba, riƙe da takardar haya mai sunana da ta wuta mai sunana, da katin allura, da shaidar gwajin gubar dalma da suke nema ga ƙananan yara. Minti ashirin aka gama. Auta ya shiga wani aji ya ga kifi a cikin gilashi, da ƙyar na fito da shi.

A watan Afrilu babbar ta dawo take ce mini yau sun yi zaɓe. Na ce zaɓen me, monita? Ta ce a'a, na ɗalibin da zai zauna a kwamitin ilimi, kujera ta takwas ɗin nan. Duk 'yan makarantun tsakiya da na manyan sakandare suke zaɓensa, shekara guda yake yi, kuma yana jefa ƙuri'a tare da manyan a kan mafi yawan al'amura, har da kasafin kuɗi. An nuna musu 'yan takara biyu suna muhawara, kowa ya danna nasa a kwamfuta. Ƙanenta ma ya ce ya yi.

Ni da ubansu katin zama muke da shi, ba mu da ƙuri'a a zaɓen sauran bakwai ɗin. Na ajiye wuƙar da nake yanka albasa na ce, "To wa kika zaɓa?"

Ta ɗauki ayaba a kan tebur ta nufi ɗaki. "Mama, ai ƙuri'a sirri ce."